Tabon Lemun Tsami a Takobin Gidan Nayef

Idan ka shiga kasuwar Bab Makka da ke Jidda ta wajen masu yadi, ka wuce masu dabino, ka karya kwana ta layin mahauta, ƙarar za ka fara ji kafin ka ga mai ita. Shuu, shuu, shuu, ƙarfe a kan jiƙaƙƙen dutse. To, Gwadabe ke nan, Gwadabe mai washi, zaune a kan 'yar kujerarsa a bakin wani shago da bai fi ɗakin girki faɗi ba, bokitin ruwa a hagunsa, kofin shayi a damansa, gemun nan fari tas.

Ɗan maƙera ne daga Ɗambatta. Tun bai iya ɗaura wando ba yake zaune gefen mahaifinsa yana zuga wuta. Yana da shekara ashirin da shida ya zo aikin hajji, da niyyar ya ɗan tsaya wata biyu ya nemi na tsaraba. Wata biyun nan su ne yau shekara arba'in da ɗoriya. Ya yi dako, ya yi tallan ruwa, ya yi gudun masu duba takardu har takalminsa ya san kowane lungu na unguwar Hindawiyya. Sai wata Babbar Salla ya ga mahauta suna ta fama da dakusassun wuƙaƙe, ya ce a ba shi ɗaya. Kafin azahar layi ya kai bakin titi.

Wani ɗan kasuwar yadi mai suna Nayef shi ya canja masa rayuwa. Ya kawo almakashin shagonsa guda shida, ya karɓa washegari, ya gwada ɗaya a kan alharini, almakashin ya tafi suul ba tare da ya ja zare ba. Nayef ya dube shi ya ce, “Kana da iƙama, takardar zama?” Gwadabe ya sunkuyar da kai. Ba a yi shekara ba Nayef ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, aka yi takardu, ya daina waige-waige in yana tafiya. Daga nan ya auri Larai, 'yar Hausawan Sudan haifaffiyar Jidda, suka kama gida a Hindawiyya, suka haifi biyar. Autarsu Mubina yanzu babbar mace ce, tana aiki a ofishin wani kamfanin jigilar kaya a Bagdadiyya, Larabci a bakinta kamar ruwa, Turanci ma haka, Hausar ce dai sai ta haɗa da ciko.

Aikin Gwadabe bai tsaya ga wuƙar fawa ba. Mutanen Yaman suna kawo masa wuƙaƙensu na ɗamara, masu biki suna kawo takubban da maza ke rawar arda da su. Hanyarsa ɗaya ce, wadda ya gada: in ƙarfe ya yi tsatsa, a yanka lemun tsami, a dangwala a toka, a goge har tsatsar ta saki, sannan dutse, sannan mai. Abin alfaharinsa kuma, wanda duk layin ya haddace don yawan maimaitawa, shi ne bai taɓa mayar wa mutum ƙarfensa ya ce masa “ban iya ba”.

Maƙwabcinsa Haladu, mutumin Maraɗi, injin washi gare shi na lantarki. Kullum suna cikin tsokanar juna.

“Tsoho, har yanzu kana kan wuƙar jiya? Ni na sallami goma sha biyu.”

“Ka sallame su dai, Allah ya jiƙansu. Wuƙar da ta shiga hannunka sau uku ai ta koma tsinken sakace.”

Haka suke, kuma tare suke cin ful, dafaffen waken nan na Larabawa, da gurasa kowace safiya.

Ran nan da hantsi sai ga Hatim, ɗan marigayi Nayef, wanda shagon yadin da kafalar Gwadabe suka koma hannunsa. Ya zo rungume da wani dogon abu naɗe a tsohon bargo. Gwadabe ya san shi tun yana rarrafe a kan bandir ɗin yadi, don haka ya miƙe da fara'a.

“Ango! Ango da kansa a layin mahauta?”

“Ammi Gwadabe, saura sati uku, kaina ya kusa fashewa,” in ji Hatim da Larabci, yana dariya; ammi, wato baffa, yake ce masa tun yana yaro. Ya sumbaci kan tsohon, ya kwance bargon. “Takobin kakana ne. Wani Bajapane da yake sayo yadi a wurinsa ya ba shi kyauta, tun kafin a haifi babana ma ina jin. Yana kan kabad shekara da shekaru, iskar teku ta cinye shi. Da shi nake so in yi arda ranar bikina. Ka mayar mini da shi madubi.”

“An gama,” in ji Gwadabe, tun bai zare shi ba.

Da Hatim ya tafi ya zauna ya duba. Takobi ne mai ɗan lanƙwasa, kaifi ɗaya, ƙotarsa doguwa ta hannu biyu, an naɗe ta da igiyar alharini da ta koɗe. Tsatsa ta yi masa ɗigo-ɗigo kamar ƙyanda. Bai yi wani tunani ba, hannu ne ya yi abin da ya saba. Ya yanka lemo, ya dangwala a toka, ya goga a kusa da ƙota, wuri kamar faɗin babban yatsa. Tsatsar ta saki. Ya share da tsumma, ya ɗaga takobin ya karkata shi wajen hasken ƙofa don ya ga aikinsa.

A nan ne ya ga abin da bai lura da shi ba. A jikin ƙarfen, inda tsatsa ba ta rufe ba, akwai wani farin layi yana bin kaifin yana hawa yana sauka kamar gefen gajimare. Sama da shi kuma ƙarfen yana da zane siriri-siriri irin na jikin katako. Ba fenti ba ne, ba sassaƙa ba ce, a cikin ƙarfen abin yake. Layin ya taho tun daga tsini har ya iso inda ya goga, a nan ya dushe. Wurin ya yi duhu, ya yi dishi-dishi da ƙananan karce, kamar an taka sabon daɓe da takalmi.

Gwadabe ya yi salati. Ya wanke wurin da ruwa sau uku, ya tsane shi da auduga, ya shafa man keken ɗinki, ya mayar cikin kube. Haladu ya leƙo.

“Wannan fa na inji ne, tsoho. Ba ni shi, awa ɗaya ka ga fuskarka a ciki.”

“Ka taɓa shi in karya maka yatsu.”

“A'a, yau kuma da faɗa aka tashi?”

Ranar bai jira la'asar ba ya rufe shago. A gida Larai ta ajiye masa shinkafa da kifi, ya yi loma uku ya ture. Ta dube shi, ta dubi bargon da ya jingine a bango.

“Malam, wa ya mutu?”

“Ba kowa. Ina Mubina?”

Da Mubina ta dawo daga aiki ya zare mata takobin ya nuna mata layin, bai ɓoye mata tabon ba. Ta zauna da wayarta tana karantawa tana fassara masa. Ashe a can Japan masu ƙera irin wannan takobi daban, masu goge shi daban. Mai gogewa yakan yi kamar shekara goma yana koyo. Duwatsu ne kala-kala da ruwa, daga mai kaushi zuwa mai laushi, na ƙarshe ma ɓarɓashi ne da ake murzawa da yatsa. Ba a sa inji, ba a sa tsami. Baƙar tsatsar da ke jikin ƙarfen da ke cikin ƙota kuwa ba a taɓa ta sam, da ita masana ke gane shekarun takobi.

“Baba, wallahi da ka ci gaba, khalas, shi ke nan, da an gama da shi.”

“Na sani. Karanta dai.”

Suna cikin haka Hatim ya bugo. Ashe ya bi ta layin da yamma ya tarar da shago a rufe, Haladu kuma ya yi masa tayin injinsa.

“Ammi, in aikin ya yi maka nauyi kada ka wahalar da kanka. Maƙwabcinka ya ce awa ɗaya.”

“Ka ba ni zuwa Alhamis, ɗana. Kada ka ba kowa aikin.”

Ya ajiye wayar ya shiga lissafi. In ya yi gum ya ƙarasa gogewa da lemonsa da dutsensa, takobin zai yi fari fat, Hatim ya yi murna, ba wanda zai san an kashe wani abu. In ya mayar ba bayani, Haladu zai kashe shi cikin awa ɗaya. In kuwa ya faɗi gaskiya, to sai ya tsaya gaban ɗan mutumin da ya rufa masa asiri ya ce abu biyu da bai taɓa cewa ba: ban iya ba, kuma na yi ɓarna.

“Nemo mini masu wannan aikin,” ya ce wa Mubina. “Ki ɗauki hoton takobin daga tsini har ƙota. Kada ki ɓoye tabon, kada kuma ki ambace shi.”

“Leh, Baba, don me? Ai gara a faɗa musu.”

“Ke dai yi yadda na ce.”

Ta aika wa mutum uku. Na farko ya amsa kafin su gama sallar magariba: kwana goma, zai dawo yana walƙiya, har cikin ƙotar za su wanke kyauta. Gwadabe ya ce, “Wannan Haladu ne ya je makaranta. Wuce.” Na biyu ya aiko da hotunan takardun yabo cike da bango, da hotunsa sanye da kayan gargajiya riƙe da takubba, amma bai yi tambaya ko ɗaya a kan takobin ba. Gwadabe ya sa Mubina ta buɗa hoton hannun mutumin. Ya daɗe yana kallo.

“Hannun nan ya fi na limamin unguwarmu laushi. Wani ke yi masa aikin.”

Na ukun shiru. Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Larai ta ce ƙila ya mutu ne. Sai ranar Laraba ga saƙo, gajere, ba ko doguwar gaisuwa. Sunansa Okabe, yana can Japan. Ya ce hotunan ba su ishe shi ba. A rufe tagogi, a kunna fitila ɗaya, a karkata takobin a sake ɗauka. A tura 'yar ƙusar gora da ke riƙe da ƙotar a zare ta, a nuna masa ƙarfen ciki, amma kada wanda ya goge ko ƙura a wurin. In an yarda, yana son ya gani da idonsa ta waya, gobe.

Gwadabe ya ce, “Kira mini Hatim. Ki ce ya zo gida gobe da ƙarfe tara.”

Mubina ta ajiye wayar a cinyarta. “Baba, a gabansa? In mutumin ya ga wurin fa?”

“Don haka nake so ya zo.”

Alhamis da hantsi suna zaune a falo, labule a sauke, fitila ɗaya a kan tebur. Larai ta kawo shayi da na'ana'a ta koma bakin ƙofa ta tsaya, wai tana jiran kofuna. Hatim yana ta duba agogo, masu abincin biki suna jiransa. Mubina ta jingina wayar da kwalbar ruwa, sai ga Okabe, wani tsoho siriri mai furfura, zaune a ƙasa a wani ɗaki na katako, ya take wani lanƙwasasshen itace da ƙafa, itacen ya danne dutse, ga bokitin katako a gabansa. A can rana ta riga ta karkata.

Gwadabe ya matso. “Ce masa ya nuna mini hannunsa.”

Tsohon ya yi ɗan mamaki, sannan ya ɗaga tafukansa. Yatsun sun kumbura a gaɓoɓi, fatar ta yi fari ta tsattsage irin ta wanda ya shekara cikin ruwa, farcen babban yatsa ya cinye ta gefe ɗaya. Gwadabe ya ɗaga nasa. Suka dubi juna, tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci.

Aka shiga duba takobi. Okabe yana magana da gurgun Turanci, Mubina tana juyawa. A matsa sama. A karkata. A tsaya. Da aka nuna masa ƙarfen cikin ƙota, baƙi ƙirin da wasu rubuce-rubuce da aka sassaƙa, ya ce a riƙe a nan, ya daɗe yana kallo yana gyaɗa kai. Aka dawo kan ruwan takobin, ana tafiya a hankali, sai ya ɗaga yatsa. Fuskarsa ta canja. Ya yi magana da ɗan zafi.

Maimakon ta fassara, Mubina ta dubi mahaifinta.

“Fassara,” in ji Gwadabe. “Da Larabci, Hatim ya ji.”

Ta juya wajen Hatim. “Ya ce, yatsa uku sama da ƙota, wani ya sa tsami da wani abu mai kaushi. Kuma ba a daɗe ba, bai kai sati ba. Ya ce wane ne?”

Hatim ya ɗago kai daga agogonsa. Gwadabe ya dafa ƙirjinsa ya fuskanci wayar.

“Ni ne. Lemun tsami da toka. Haka muke yi wa ƙarfenmu, ban tsaya na duba ba.”

Tsohon ya yi ta faɗa, Mubina tana tsintar abin da za ta iya faɗi a gaban uba. Wai mai shekarunsa, mai irin wannan hannu, ya kamata ya duba kafin ya taɓa. Gwadabe yana ta cewa, “Gaskiya ne. Na'am. Gaskiya ne.” Larai daga bakin ƙofa ta ce, “Kai, wannan tsoho da masifa yake,” aka yi kamar ba a ji ba. Can Okabe ya sassauta ya tambayi abin da aka yi bayan nan. Da ya ji an wanke, an tsane, an sa mai, kuma an tsaya, sai ya ce tsayawar ita ce ta ceci takobin.

Hatim ya karɓe maganar. “Tambaye shi, zai gama kafin sati biyu? Ko nawa ne.”

Amsar ta zo a gajarce. Akwai takubba a gabansa, sai an jira kamar shekara biyu. Ba zai yi alkawarin komai ba sai ya riƙe shi a hannu. Duk gogewa tana cin ƙarfe, ƙarfen da ya tafi kuma ba ya dawowa, don haka zai ci kaɗan ne iyakar iyawarsa, wasu ramukan tsatsar ma zai bar su. In ana son madubi a sati biyu, a nemi wani.

Aka yi sallama, wayar ta mutu. Mubina ta ɗaga labule. Hatim ya zauna yana juya kofin shayinsa, bai sha ba.

“Shekara biyu, ammi. Na riga na gaya wa kowa da takobin kakana zan fito.”

“Na sani, ɗana. Ni ban iya wannan aikin ba. Haladu bai iya ba. A garin nan ban san wanda ya iya ba. Ka ga kuma abin da hannuna ya yi. Ka yafe mini.”

“Da ka yi shiru ai ba zan taɓa sani ba. Me ya sa ka kira ni?”

“Takobinka ne.”

Hatim ya ja takobin gabansa, ya karkata shi wajen taga yadda ya ga ana yi. Ya bi farin layin da ido tun daga tsini, a hankali, har inda ya dushe. Shekarunsa talatin da biyu yana ganin abin nan a kan kabad, bai taɓa sanin akwai wani layi ba.

“To me ya sa sai wannan tsohon? Mubina ta ce akwai mai kwana goma.”

“Su biyun sun kalli hoton nan ba su ga komai ba, ko sun gani sun yi shiru don kada ciniki ya ɓaci. Wannan ya ga ɓarnata ta cikin waya, ya kuma faɗa mini a fuskata. Wanda ya ga tawa haka, zai ga tasa tun kafin ya yi ta.”

Hatim ya sake duban tabon. Sannan ya mayar da takobin cikin kube da hannu biyu, a hankali, kamar mai kwantar da jariri.

“Khalas. A kai masa. Amma ni da me zan yi rawa, da sandar mofa?”

“Akwai takubban arda uku a shago da masu su suka ba ni in sayar. Zaɓi ɗaya, in goge maka shi har baƙi su riƙa gyara rawani a jikinsa.”

“Da lemun tsami?”

“Da lemun tsami, ɗan nema!”

Dariyar da Larai ta yi har sai da ta dafa ƙofa.

Takardun fitar da takobin sun ci wata huɗu, Mubina ce ta yi ta zirga-zirga a kansu har aka sa shi a akwatin katako ya tafi. Biki kuwa an yi shi lafiya, ango ya yi rawarsa da takobin Bab Makka, ba wanda ya tambayi asalinsa. Labarin tabon ya zaga layin mahauta, don Gwadabe da bakinsa ya ba Haladu, Haladu kuwa ba ya riƙe magana. Har yau in wani ya kawo tsohon ƙarfe, sai ka ji ya ɗaga murya daga bayan injinsa: “Kai wa tsoho, amma ka ɓoye lemon shayinka!” Gwadabe sai ya yi murmushi ya karɓa, ya fita da shi bakin ƙofa ya karkata a haske ya daɗe yana dubawa. Sau biyu tun daga lokacin ya mayar wa masu kaya kayansu ya ce wannan ba nasa ba ne, kuma ya ci abincinsa ranar har da ƙari.

Bayan bikin da kamar wata guda, yana tsakiyar wasa wata barandami, sai inuwa ta rufe masa dutse. Hatim ne, ya yi ƙiba irin ta sabon aure, riƙe da kwali. Ya durƙusa ya buɗe: wuƙaƙen girkin amarya ne, sababbi dal, guda takwas, ko tumatir ba sa yankawa.

“Ammi, ta ce in kai wa wanda na yarda da shi. Waɗannan dai za ka iya, ko su ma sai Japan?”

Gwadabe ya ɗauki ɗaya, ya gwada kaifin a farcensa, ya tsuke baki.

“Zauna ka sha shayi. Kafin ya huce na gama biyu.”